Wasan Jiragen Yaƙi A Sararin Sama: Tsufan Jirgi Ke Kisa Ko Rashin Tsari?

Ranar Juma'a, 28 ga watan Satumba na shekarar 2018, saura kwana uku a yi bikin cikar Nijeriya shekara 58 da samun mulkin kai, waɗansu jiragen Rundunar Sojan Sama suna gwajin wasan da za su yi a sararin Abuja ranar bikin. Ana cikin haka sai biyu daga cikinsu, samfurin F-7, suka gogi juna, suka faɗo a wajen duwatsun Katampe. Matuƙa uku ne a cikinsu, dukansu kuwa sun cillo kansu waje da kujerar tsira mai lema. Biyu sun rayu. Na ukun, Squadron Leader Bello Mohammed Baba-Ari, ya rasu sakamakon raunukan da ya samu. Allah Ya jiƙansa. Ba a rasa ran kowa a ƙasa ba, amma duk wanda ya san Abuja ya san tsakanin Katampe da unguwannin da mutane suke cunkushe tafiyar 'yan daƙiƙoƙi ce ga jirgin yaƙi.

Da zarar irin wannan abu ya auku, abin da mutane suka fi saurin faɗa shi ne, "Ai tsofaffin jirage ne." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin F-7 ƙirar ƙasar Sin ce da aka kwaikwayo daga MiG-21 na Tarayyar Sobiyet, wanda aka zana tun cikin shekarun 1950. Sai dai jirage 15 ɗin da Nijeriya ta ƙulla cinikinsu a 2005 sababbi ne daga masana'anta, ba su kai shekara goma a hannunmu ba lokacin haɗarin. Watau zanen ne tsoho, ƙarfen kuwa sabo. A wannan maƙala ina so in nuna wa mai karatu cewa a mafi yawan karon da jirage suke yi a wajen wasa, tsarin da mutane suka yi tun suna ƙasa shi ne abin tuhuma na farko, tsufan jirgi kuwa yana da nasa laifin dabam. Ina ganin kuma lokaci ya yi da za mu nemi doka bayyananniya a kan wasan jirage bisa garuruwanmu.

Abin da ya faru a Dallas

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na birnin Dallas a jihar Texas ta Amurka, ranar Asabar 12 ga Nuwamba, 2022. Wata ƙungiya mai adana jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ta shirya wasa. A sama akwai ayari biyu, ɗaya na manyan jiragen sakin bama-bamai guda biyar, ɗaya na ƙananan jiragen farauta guda uku. Madugun manyan shi ne B-17, mai inji huɗu, wanda aka ƙera a 1945. Kurar bayan ƙananan shi ne P-63. Jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya na rana, a gaban idon 'yan kallo, P-63 ya sha kwana yana gangarowa, ya daki B-17 ta baya daga ɓangaren hagu, ya datse shi biyu. Mutum biyar na cikin babban jirgin da matuƙin ƙaramin duk suka mutu.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta shafe shekara biyu tana bincike, ta fitar da rahotonta a Disamba 2024. Ba ta ɗora laifin a kan tsufan ko ɗaya daga jiragen ba. Abin da ta gano shi ne, a taron da aka yi da matuƙa kafin tashi ba a tsayar da ingantaccen tsarin raba ayarin biyu ba, ba a ce wa waɗannan ku tsaya a tsawo kaza, waɗancan a tsawo kaza ba. An dogara ne ga mutum guda da ke tsaye a ƙasa da rediyo, mu kira shi sarkin fage, yana ba da umarni nan take gwargwadon abin da idonsa ya gani, sa'an nan an dogara ga idon kowane matuƙi ya hango ɗan'uwansa ya kauce. Sarkin fagen ya umarci ƙananan jirage su bi layin da ke da nisan ƙafa 500 daga 'yan kallo, manyan kuma su bi mai nisan ƙafa 1,000. Kafin kowane ayari ya kai layinsa, tilas ne hanyoyinsu su gitta juna, ga shi kuma babu tazarar tsawo a tsakaninsu.

Ɗalibi yana iya tambaya, to, tsakar rana ce, sama garau, jirgi kuma ƙato mai faɗin fukafukai fiye da mita 30, yaya za a ce ƙwararren matuƙi bai gan shi ba? Amsar wannan tambaya ita ce gundarin darasinmu.

Iyakar idon ɗan Adam

Hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta daɗe da ƙiyasta lokacin da matuƙi yake bukata tun daga hango wani abu har jirginsa ya karkace. Ganin abin da gane cewa jirgi ne suna cin kamar daƙiƙa 1. Fahimtar cewa karo za a yi tana cin daƙiƙa 5. Yanke shawarar ko dama za a bi ko hagu, daƙiƙa 4. Motsin hannu da amsawar jirgin kansa, wajen daƙiƙa 2 da rabi. Jimla daƙiƙa 12.5 ke nan.

Yanzu mu yi lissafi. Jirgin yaƙi mai gudun kilomita 720 a sa'a yana cin mita 200 a kowace daƙiƙa. Da irin wannan gudu, daga Sakkwato zuwa Wurno ba zai ci masa minti biyar ba. In jirage biyu irinsa suka fuskanci juna, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 400 a daƙiƙa. A ninka 400 sau 12.5, za a sami mita 5,000. Ke nan sai matuƙi ya hango ɗan'uwansa tun yana nesa da kilomita 5 kafin ya sami damar kaucewa. Jirgi mai faɗin mita 10 kuwa, in yana nesa da kilomita 5, girmansa a ido bai kai na ƙwayar gero da mutum ya riƙe ya miƙe hannunsa ba. A ƙara da hazon hunturu irin namu, wanda yakan hana jiragen fasinja sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato, sai a ga yadda ƙwayar geron take ɓacewa ɗungurungum.

Akwai wani abin da ya fi wannan ban tsoro. Idon mutum motsi yake kamawa. Abin da ya gilma ta gefe, ko ɗan ƙarami ne, nan da nan mukan waiwaya. To, amma ilmin lissafi ya nuna cewa idan abubuwa biyu suna tafiya a miƙe, kowanne da gudunsa wanda ba ya sauyawa, kuma za su haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, to kusurwar da kowannensu yake ganin ɗan'uwansa ba ta canzawa. Ma'ana, jirgin da zai buge ka shi ne wanda ba ya motsi a gilashin tagarka. Yana nan a wuri guda kamar ɗigon kashin ƙuda, yana girma a hankali, sai a daƙiƙoƙin ƙarshe ya buɗe ya cika taga. Wanda kake gani yana gilmawa, wannan zai wuce ta gabanka ko ta bayanka.

Malamai suna iya gwada wannan a filin makaranta ba tare da an kashe ko kwabo ba. A kafa sanda a tsakiyar fili. A tsayar da ɗalibai biyu, ɗaya gabas da sandar, ɗaya kudu da ita, kowanne taku 40. Su taho wajen sandar da taku iri ɗaya, kowanne ya miƙa hannu yana nuna ɗan'uwansa. Za a ga hannuwansu ba su karkata ba har su haɗu a gindin sandar. Sa'an nan a sake, a ce wa ɗaya ya ƙara sauri. Nan take hannuwa za su fara juyawa, kuma ba za su haɗu ba. Wannan ƙa'ida ita ce take aiki a mararrabar hanya tsakanin ɗan kabu-kabu da direban mota, kowannensu ya rantse da Allah bai ga ɗan'uwansa ba, kuma mai yiwuwa ne duk gaskiya suke faɗa.

Abu na uku shi ne jikin jirgin kansa. Kamar yadda direban tifa ba ya ganin babur ɗin da ya raɓu da tayarsa, haka matuƙi ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancin jirginsa ko bayan fiffikensa. Idan jirgi ya kwanta gefe guda don shan kwana, duk abin da ke wajen cikinsa ya ɓuya. Matuƙin P-63 yana cikin kwana, hankalinsa kuma yana kan jirgin da yake bi a ayarinsa da umarnin da ke shigowa ta rediyo. Rahoton ya ambaci waɗannan duka a cikin abubuwan da suka rage masa ikon gani. Saboda haka tsarin da ya jingina rayukan mutane a kan "kowa ya buɗe idonsa" tsari ne da ya nemi ido ya yi abin da ba a halicce shi da ikonsa ba.

Inda tsufa yake da laifi

Kada a ɗauka ina wanke tsofaffin jirage ne. Ƙarfe yana gajiya. Duk yaron da ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙewa har ta tsinke ya san haka. Kowane tashi da sauka, kowace kwana mai tsanani, lanƙwasa ce ƙarama ga fiffike da kusoshinsa, tsaga kuma takan fara ne inda ido ba ya kaiwa. A watan Satumba na 2011, a gasar tseren jirage ta Reno a Amurka, wani jirgin P-51 na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙwace ya faɗa gaban rumfar 'yan kallo, ya kashe mutum 10 da matuƙinsa. Bincike ya nuna waɗansu notina ne da suka tsufa suka saki a wani ɗan ƙaramin sashe na jelar jirgin, sashen ya kama karkarwa har ya ɓalle. A Oktoba 2019 ma wani B-17 ya faɗi a jihar Connecticut, mutum 7 suka mutu, aka kuma sami sakaci a gyaran injinansa.

Amma a lura, ko a nan abin da ya yi kisa shi ne notin da ba a sauya ba da injin da ba a duba ba. An ƙera B-17 fiye da 12,700, waɗanda suke iya tashi a yau ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Masana'antun da suka yi kayan gyaransu sun daɗe da daina yi, makanikan da suka san su tun asali sun ƙaura. Ra'ayina a nan shi ne, jirgin da ya kai wannan matsayi ya zama kayan tarihi. In za a tashe shi, a tashe shi shi kaɗai, ya wuce a miƙe a natse, mutane su ji ƙarar injinsa su ga siffarsa. Cusa shi cikin ayari ana gitta masa ƙananan jirage ganganci ne da rayuka, ganganci ne kuma da abin da ba za a sake samun irinsa ba.

Jahi da linzami

Mu koma wajen 'yan kallo, domin su ne ba su da lema. A hawan salla, a ƙofar Sarkin Sudan na Wurno ko a kowace fada ta ƙasar Hausa, abin da ya fi burge jama'a shi ne jahi: mahaya su sako dawaki a guje su nufo sarki, sai sun zo dab su ja linzami, ƙura ta tashi. Armashin wasan yana cikin nufo mutane da ake yi. Masu wasan jirage ma sun daɗe suna jin wannan kwaɗayi. Bambancin shi ne doki yana da linzami da ƙasar da zai turje a kanta, jirgi a sama ba shi da ko ɗaya.

Ɗaliban kimiyya sun san makamashin abu mai motsi shi ne rabin nauyinsa a ninka da gudunsa sau gudunsa. Jirgi mai nauyin tan 8 da ke gudun mita 150 a daƙiƙa yana ɗauke da makamashin da ya kusa ninka sau goma na tirela mai tan 30 da ke gudun kilomita 90 a sa'a. In jirgin ya tarwatse a sama, wannan makamashi ba ya ɓacewa. Kowane guntu yana ci gaba da tafiya inda jirgin ya dosa, injin da ya fi nauyi kuwa shi ya fi nisa, ga man jirgi yana biye da shi yana ci da wuta.

Turawa sun koyi wannan darasi da jini. A Farnborough ta Ingila, a Satumba 1952, wani sabon jirgi ya wargaje a sama, injinsa ya faɗa cikin taro, mutum 31 suka mutu har da mutum biyu na cikin jirgin. Daga nan aka kafa dokar tazara tsakanin jirgi da 'yan kallo, aka kuma hana nufar taro yayin wasa. A Ramstein ta Jamus, ranar 28 ga Agusta, 1988, ayarin jirage goma na sojan Italiya suna zana siffar zuciya da hayaƙi, guda ɗaya zai ratsa ta tsakiya kamar kibiya, yana fuskantar jama'a. Ya iso mahaɗar kafin lokacinsa, ya yi karo da 'yan'uwansa, ya faɗa cikin mutane. Rayuka 70 suka salwanta. A Dallas kuwa, duk da munin abin, ba ɗan kallo ko ɗaya da ya mutu, domin layukan da jiragen suke bi a gicciye suke da taron. Doka guda ta yi aikinta a ranar da wata ta gaza.

Amma shinge ba ya kare wanda yake wajensa. A Shoreham ta Ingila, ranar 22 ga Agusta, 2015, wani tsohon jirgin yaƙi samfurin Hawker Hunter, ƙirar shekarun 1950, ya shiga wasan alkafura ba tare da isasshen gudu da tsawo ba. Bai iya miƙewa ba, ya faɗa kan babbar hanya, ya kashe mutum 11, galibinsu masu wucewa ne da ba su zo kallo ba. Wannan shi ne misalin da ya fi kama da halinmu, domin a nan wasan jirage bisa gari ake yin sa, a kan kasuwa da makaranta da asibiti, kuma gwajin da ake yi kwana da kwanaki kafin biki ba wanda ya sayi tikitinsa.

Me ya kamata mu nema?

Akwai masu cewa a hana wasan baki ɗaya, ƙasar da take fama da 'yan bindiga ba ta da jirgi ko matuƙin da za ta yi asara wajen biki. Ban raina wannan magana ba, musamman daga bakin mutumin Rabah ko Goronyo wanda ya san abin da rashin tsaro ya yi wa gonarsa da dabbobinsa. Horar da matuƙin jirgin yaƙi guda ɗaya aikin shekaru ne da dukiya mai yawa. Duk da haka ban goyi bayan hanawa ba. Tafiya cikin ayari wani sashe ne na aikin matuƙin soja, ko da biki ko babu sai ya koye ta. Har ila yau, yaron da bai taɓa ganin jirgi kusa ba da wuya ya yi mafarkin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda take nan tun 1964. Arewa kuwa ba baƙuwar jirgi ba ce. Tun ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma dubban jiragen yaƙi sun bi ta Kano da Maiduguri daga Takoradi zuwa Masar.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a fitar da wasan daga kan gidaje. Wucewa a miƙe, a sama sosai, tana iya ratsa filin biki, amma alkafura da gittayya da matsuwar ayari a kai su inda babu kowa a ƙasa, gwaji da ainihin wasan duka. Kowane ayari a ba shi tsawonsa da lokacinsa a rubuce tun kafin a tayar da inji, yadda ko rediyo ya mutu ba za a haɗu ba. Ranar da hazo ya sauka kuma a sami jami'in da yake da ikon cewa an fasa, ko da manyan baƙi sun riga sun zauna, ba tare da ya ji tsoron makomar aikinsa ba.

Sai batun rahoto. Dalilin da ya sa ɗalibi a Wurno zai iya sanin abin da aka faɗa a rediyo a Dallas shi ne an buga rahoton kowa ya karanta. Hukumar binciken haɗurra ta Nijeriya, NSIB, takan buga nata rahotannin a kan jiragen farar hula. Haɗarin jirgin soja kuwa, a nan da ƙasashe da yawa, rundunar ce take bincikensa a cikin gida. Asirin makami da dabarun yaƙi a rufe su, ba mai musu. Amma haɗarin da ya auku a wasan da aka shirya domin jama'a, a kan garin jama'a, darasinsa haƙƙin jama'a ne, kuma matuƙan gobe da suke aji huɗu a yau su suka fi kowa bukatarsa.

Tsofaffin jiragenmu da suka daina aiki, irin su MiG-21 da Jaguar, gara a gyara jikinsu a kai su harabar jami'o'i da kwalejojin kimiyya, a buɗe injin a bar ɗalibai su leƙa, su taɓa, su auna fiffike da tef, malamin fiziks ya sami abin nunawa da ya wuce zane a allo.

Kafin a kai ga wannan, jiragen da mutanen yankinmu suka fi gani kusa su ne masu saukar ungulu da suke kawo manyan baƙi filayen makarantu, da ƙananan jiragen da suke feshin tsuntsayen jan-baki a fadamun shinkafa. Ƙa'idojin da muka bayyana duk suna aiki a kansu. Matuƙin jirgin feshi da ke tafiya ƙasa-ƙasa ba ya ganin yaron da ke ƙarƙashin hancin jirginsa, maganin da yake fesawa kuma guba ne. Farfelar jelar jirgi mai saukar ungulu ba a ganinta idan tana juyawa, iskar babbar farfelar kuma tana cilla tsakuwa da kwanon rufi. Shugaban makarantar da aka ce za a sauka a filinsa yana da hurumin ya tambayi jami'an tsaro inda za a ja layi, ya sa a kwashe duk abin da iska za ta iya ɗauka, ya kuma tsayar da ɗalibansa a bayan layin har farfela ta tsaya cak.